Sau Ɗaya Uban Ziyad Ya Mutu, Farfesa

Zuwa ga Farfesa Lawal,
Shugaban Tsangayar Injiniya, kuma Shugaban Kwamitin Tallafin Karatu na kwalejinmu da ke nan Doha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da babba, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hajiya Maryam da yara can Al Wukair. Barkanmu da shan ruwa. Allah ya karɓi azuminmu, ya sa muna cikin bayin da za a 'yanta a wannan wata mai alfarma.

Ni ce Rakiya, malama a sashen injiniyan ruwa, wadda ka sani tun muna Zariya, tun ɗayanmu bai san hanyar filin jirgi ba. A ofis Farfesa nake ce maka, a gida kuwa Yaya, domin kai ka yi wa ɗan farina huɗuba. Saboda haka ba da sauƙi na ɗauki alƙalamin nan ba. Na zo ofishinka har na gaji, kullum sakatare sai ya ce kana mitin. Na bugo waya, ka ce in bari sai bayan Sallah. To bayan Sallah ai bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin a makon da zai biyo bayanta ne za a soke takardar zaman yaron nan a sa shi a jirgi. Kai ma ka san haka, shi ya sa ka zaɓi lokacin.

Da gangan na rubuta da Hausa, da gangan kuma na sa ta a zauren intanet na mutanenmu na nan Qatar. A ɗakin taro kun iya ɓuya a bayan Turancin doka, sashe kaza, sakin layi kaza, har a manta cewa a kan ɗan Adam ake magana. Ina so ka ji zancen nan da harshen da mahaifiyarka ta hana ka ƙarya da shi. Ku kuma masu karatu da ba ku san kan maganar ba, likitocinmu da injiniyoyinmu da 'yan'uwanmu Hausawan Zango na ƙasashen maƙwabta, ku yi haƙuri ku biyo ni, zan faɗa daki-daki.

Na ɗaya: wane ne Ziyad.

Ziyad ɗalibina ne, yana zangon ƙarshe na shekararsa ta ƙarshe, kuma da izininsa na ambaci sunansa. Ɗan ƙasar Maldives ne, waɗancan ƙananan tsibiran Musulmi da ke tsakiyar tekun Indiya. Yana cikin yaran da kwalejinmu ta ɗauko a ƙarƙashin shirin tallafa wa matasan tsibirai, shirin da kai kake shugabanta. Kwalejin ce kafil ɗinsa. Ma'ana, ranar da aka cire sunansa daga tallafi, ranar zamansa a ƙasar nan ya ƙare.

Tsibirinsu ɗan mitsitsi ne. In ka fita bayan la'asar za ka zagaye shi da ƙafa ka dawo ba a kira magariba ba, kuma babu tudu ko ɗaya a cikinsa. Makarantarsu ba ta wuce ƙaramar sakandare ba, don haka duk yaron da ya gama sai ya hau jirgin ruwa. Wani ya tafi babban birni, wani ya faɗa otal-otal na masu yawon buɗe ido yana gyaran gado, wani ya yi ƙasar waje. Masu dawowa kaɗan ne, kuma ni ba zan ga laifinsu ba. Rijiyoyin garin sun koma gishiri, ɗan abin da ake shukawa a bayan gida ya daina yi, teku kuma kowace shekara sai ya gutsuri ƙasarsu kamar ɓera ya sami ƙuli-ƙuli. Waɗanda suka rage tsofaffi ne da mata da ƙananan yara. Ka riƙe wannan, Farfesa, domin za mu dawo kansa.

Shi Ziyad bai zo nan don ya tsere ba. Aikinsa na kammala karatu ƙaramar na'ura ce mai aiki da hasken rana, wadda ke tace ruwan gishiri ya zama na sha, irin wadda tsohuwa za ta iya kwancewa ta wanke da kanta ba sai an kira injiniya daga birni ba. Ni nake duba aikin. Kowa ya san ni ban iya yabon ɗalibi ba, kai da kanka ka sha tsokanata wai jan birona ya fi bulala zafi. To wannan yaron, tun zuwansa, ko uzurin ciwon kai bai taɓa kawo min ba.

Na biyu: abin da ya faru, da abin da ka faɗa.

A farkon watan Mayu, saura 'yan kwanaki a fara jarrabawa, ya shigo ofishina ya tsaya, na ce ya zauna ya ƙi. Mahaifiyarsa ce ta bugo masa waya. Igiyar ruwa ta fasa katangar maƙabartarsu, ta kwashe layin kaburburan da ke bakin gaɓa. Da safe mata suka fito suka ga likkafani a cikin yashi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Liman da dattawa suka zauna suka yanke shawarar a tone sauran a mayar da su tsakiyar tsibirin kafin iskar daminarsu ta ƙara ƙarfi, ita kuwa a watan ne take kamawa. Kabarin mahaifinsa yana layi na gaba. Shi kaɗai ne ɗa namiji a gidansu. Masu ƙarfin riƙe shebur kuwa, kamar yadda na faɗa, karatu da neman abinci duk sun kwashe su. To wa zai haƙa? Tsohon da ke dogara sanda, ko matar da ke goyon jika?

Ban ba shi izini da kaina ba, don ba ni da wannan ikon. Na ce ya jira ni. Na same ka a bakin lif kana sauri, za ka otal ɗin da ake taron muhalli. Na bayyana maka komai ban rage ba. Na ce maka uban ya daɗe da rasuwa, kabarin ne za a ɗauke, kuma yaron zai rasa jarrabawa biyu. Ka dafe kai ka ce, "Subhanallahi, har matattu ma ba su tsira ba!" Sannan ka ce, "Yalla, ya je, in ya dawo a shirya masa tasa. Khalas, shi ke nan." Na ce ko in kawo takarda ka sa hannu, ka ce, "Haba Rakiya, tsakanina da ke sai an rubuta?" Ƙofar lif ta rufe. Da wannan maganar taka na koma na ce wa yaron ya tafi, ya kuwa tafi.

Ya yi kusan mako biyu. Shi da liman da wasu samari 'yan kaɗan da suka sami dawowa suka yi aikin, suna haƙa ruwa na tsattsafowa a ramin. Da hannunsa ya tattara abin da ya rage na mahaifinsa ya naɗe a sabon ƙyalle. Bai tsaya kan nasa kaɗai ba, ya haƙa wa waɗanda 'ya'yansu ba su sami zuwa ba. Ranar da ya dawo na miƙa masa biro ya gyara wani lissafi a aikinsa, ya kasa riƙewa, tafin hannunsa duk ya ɗaye.

Na uku: zaman kwamiti.

Da magatakardan kwaleji ya tambaya wa ya ba da izinin tafiya a lokacin jarrabawa, sai na juyo gare ka. Ina kallonka, ka shiga gyara takardun gabanka kamar sun yi maka laifi. Can ka ɗago ka ce babu izini a rubuce. Gaskiya ne, babu. Amma ka san dalilin da ya sa babu. Na ce da bakinka ka bayar, ka ce ba ka tuna ba.

Sai aka koma kan doka. Doka ta ce ana ɗaga wa ɗalibi jarrabawa idan an yi masa rasuwar uwa ko uba. Kuka duba kuka ga mahaifin Ziyad ya rasu tun yaron yana ƙaramar sakandare. A nan ne ka jingina da kujera, ka yi murmushin nan naka na tsohon malami, ka juyo ka ce min da Hausa, "To sau nawa uban nasa zai mutu?" Bai ishe ka ba sai da ka fassara musu, ka ƙara da labarin wani ɗalibinka na can gida da ya kashe kakarsa sau uku a zango ɗaya. Aka tuntsire da dariya. Yaron yana zaune a wurin, hannayensa a kan cinya.

Bari in yi maka adalci. Ni ma na koyar a gida, na san inda maganar ta samo asali. Mu malaman Najeriya mun saba, da zarar an liƙa jadawalin jarrabawa sai kakanni su fara mutuwa kamar annoba ta shiga akurkin kaji. Abin ya sa kunnenmu ya yi kanta, duk wanda ya ambaci mutuwa a watan jarrabawa maƙaryaci ne sai ya kawo gawar. Ga shi kuma kai mutumin tudu ne. A wurinku in an binne mutum an gama, a yi zaman makoki a watse, kabari yana nan inda aka bar shi sai tashin ƙiyama. Da a ce ba ka san gaskiyar ba, da na ce sabo ne ya ruɗe ka, in ba ka uzuri. Amma ka sani, Farfesa. Ni na faɗa maka a bakin lif. Tsohon halinmu na zargin ɗalibai ka ɗauko ka lulluɓa, domin kwantiraginka na gab da sabuntawa, ba ka so manya su ji ka ba da izini da baki.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda ya biyo baya. Yaron ya miƙa shaida daga shugaban tsibirinsu, ka ce hatimi ai ko a bayan kasuwa ana sassaƙa shi. Sannan ka ce in da gaske ne ya nuna hoto. Hoto! Hoton me? Ƙasusuwan ubansa? Ya amsa cikin ladabi cewa bai ɗauka ba, ba kuma wanda ya ɗauka, domin liman ya hana a shiga da waya, kuma ko bai hana ba shi ba zai ɗauka ba. Kuka rubuta cewa ya kasa kawo hujja. Wato da ya tsaya a bakin kabari ya ɗaga waya ya ɗauki tsiraicin mahaifinsa, da yanzu an shirya masa jarrabawa. Don ya yi abin da ɗan halak zai yi, an rubuta masa faɗuwa a darasi biyu, faɗuwar kuma ta cire shi daga tallafi. Tir da wannan hukunci! Wallahi da na fito daga ɗakin nan sai da na shiga banɗaki na wanke fuskata da hannuwana, ji nake kamar na taɓa ƙazanta.

Na huɗu: tunda hoto kake so, bari mu yi maganar hoto.

Duk wanda ya wuce ta gaban kwalejinmu ya ga ƙaton allon nan da ya fi motar bas tsawo. Saurayi ne tsaye cikin ruwa har gwiwa, ya naɗe wando, ya rungume littattafai, an rubuta a ƙasa wai ilimi ne garkuwar tsibirai. Ziyad ne. Kuma ba a tsibirinsu aka ɗauka ba. A bakin ruwan Al Wakrah aka ɗauka, a shekararsa ta farko, kai ka kai shi a motarka. Mai hoton ya yi ta ce masa ya daina murmushi, ya yi fuskar tausayi. Littattafan ma daga ofishinka aka kwaso su, ɗaya ƙamus ne. Ranar ba ka ce kowa ya kawo hujja ba.

Tun shekarar da aka yi babban taron duniya kan sauyin yanayi a garin nan kowa ya ga inda kasuwa ta buɗe. Duk shekara sai a sa yaran nan su saka kayan gargajiyarsu, a jera su gaban baƙi a ɗakin da sanyin na'ura ke sa su rawar ɗari, su ba da labarin yadda ruwa ke cin garuruwansu. A tafa, a ci kaji, da yamma a sa su raka baƙin zuwa kasuwar Souq Waqif suna riƙe musu ledar turare. Ban taɓa son abin ba, amma na ce in dai a ƙarshe za su fita da ilimi, to a yi. Ashe labarinsu kawai ake so, su kansu ba a damu da su ba.

Ka san abin da ya ƙarasa ni? Ranar nan da muka rabu a bakin lif, kana isa otal ka hau mumbari ka ba da labarin nan. Wata abokiyar aikinmu da ke wurin ta turo min faifan. Ka ce, a yanzu haka da nake magana, wani ɗalibina yana shirin kama hanya don ya ceto kabarin mahaifinsa daga teku. Muryarka har rawa take. Ka cire tabarau ka goge ido. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Farfesa, labarin da ya isa ya sa Turawa da Larabawa ƙwalla a otal, yaya aka yi ya zama ƙarya da ya iso ɗakin kwamiti? Ɗaya cikin biyu ne, ko baƙin ka yi wa ƙarya ko kwamitin. Wannan shi ne a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta. Faifan yana wayata. Ban sa shi a nan ba don har yanzu ina jin nauyinka, kuma na fi so gaskiyar ta fito daga bakinka.

Na biyar: abin da ya haɗa ni da shi.

Ka tare maigidana a masallaci ranar Juma'a ka ce ya ja min kunne, wai na cika ɗaukar Dala ba gammo, me ya haɗa 'yar Yauri da ɗan tekun Indiya. To ga amsarka.

Kakata ta wajen uwa, Inna Delu, 'yar Gungawa ce, mutanen da ke zaune a tsibiran tsakiyar kogin Kwara. Da aka gina madatsar Kainji ruwa ya taso ya shanye tsibiransu. Hukuma ta gina musu gidaje a tudu, aka kwashe masu rai da awakinsu da tukwanensu. Matattu aka bari. Mijinta, wato kakana, da 'ya'yanta biyu suna ƙarƙashin tafkin nan har gobe.

Ina yarinya, duk shekara kafin azumi sai ta sa wani masunci ya tuƙa mu a kwale-kwale zuwa tsakiyar ruwa. Sai ta yi ta duban wani dutse da ke gaɓa tana aunawa da ido, ta ce a matsa gaba, ta ce a'a a ɗan koma baya, har masuncin ya fara ƙunƙuni. Sannan ta ɗaga hannu ta yi addu'a a kan ruwa. Ba ta taɓa tabbatarwa ko a kansu take ba. In muna dawowa maganarta ɗaya ce: "Da na sami namiji ɗaya mai ƙarfi a lokacin nan, da ban bar su ba." 'Ya'yanta maza suna ƙanana sa'ad da ruwan ya zo. Da wannan maganar a bakinta ta tsufa, da ita ta mutu, kuma ita ce ta kai ni karatun ruwa tun farko.

Mahaifiyar Ziyad ta sami nata namijin. Ta kira, ya amsa. Abin da kakata ta yi ta kuka a kansa shekara da shekaru ba ta samu ba, shi ne kuka hukunta yaron nan dominsa. Saboda haka kada ka ƙara tambayar abin da ya haɗa mu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na shida: takardar gargaɗi, da halin da yaron yake ciki.

Na karɓi takardar gargaɗin da ka aiko min, wai na ɓatar da ɗalibi da bayanin da ba shi da tushe. Tushen ai kai ne. Ashe dai hannunka yana iya riƙe biro in ta kama. Na san ni ma kwalejin ce kafil ɗina, na san wasiƙar nan tana iya sa in bi Ziyad filin jirgi. Maigidana ya yi ta ba ni baki, ya ce Rakiya, ki tuna makarantar yara. Na tuna. Amma ni in na koma Yauri tana nan, gidan ubana yana nan a kan ƙasa busasshiya. Shi in ya koma babu takardar kammalawa, me zai yi? Zai kwana biyu wurin mahaifiyarsa, sannan ya bi sauran samarin zuwa otal ya yi ta ɗaukar jakar baƙi. Na'urarsa ta yi tsatsa a ɗakin gwajinmu, tsofaffin su ci gaba da tarar ruwan sama a bokiti. Shekara huɗu ta tashi a banza saboda jarrabawa biyu. Ƙananan da ke tsibirin kuma suna kallo, darasin da za su ɗauka shi ne in ka tafi kada ka waiwayo, ko uwarka ce ta kira.

Tun makon jiya katinsa ya daina buɗe ƙofar kwaleji. Duk da haka kullum da safe yana zuwa, da azumi a bakinsa, a wannan zafin na Doha da ko ƙarfe kuka yake, ya tsaya a 'yar inuwar da ke bakin ƙofa ko za a ce ya shigo. Inuwar kuwa ta allon hotonsa ce. Kana wucewa ta gefensa a mota, gilashi a rufe.

Jiya ya sha ruwa a gidanmu a Ain Khaled. Na dama kunu na soya ƙosai, ya ci kaɗan ya ture. Can ya ɗago ya ce min, "Malama, ko in koma in sake tonewa in ɗauko musu hoton?" Ba gatse yake ba, Farfesa. Tambaya yake tsakani da Allah. Maigidana ya tashi ya bar wurin. Inda kuka kai yaron mutane ke nan.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo, kuma ba ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin ofishinka.

Na farko, ka sake kiran kwamiti kafin Sallah, ka faɗa da bakinka cewa kai ka ba da izini. Magana ɗaya ce. Ba za ta kai tsawon jawabin da ka yi a otal ba.

Na biyu, a dakatar da soke takardar zamansa, a shirya masa jarrabawarsa biyu. Ba alfarma nake nema masa ba. Ka tsara tambayoyin da kanka, ka tsananta yadda ka ga dama, a ba wani ya duba ba ni ba. In ya faɗi, ni da kaina zan kai shi filin jirgi.

Na uku, ka kira shi ka ba shi haƙuri kan dariyar nan, a gaban waɗanda suka yi ta. Ni ba na buƙatar haƙurinka. Takardar gargaɗina ku bar ta a fayil, ba ta hana ni barci.

Na huɗu, a gyara dokar. Shirin da ya ɗauko yara daga inda teku ke cin ƙasa ya kamata ya san cewa bala'insu ba irin namu ba ne. Akwai wasu a bayansa, kuma teku bai ce ya ƙoshi ba. Gobe wata za a bugo wa.

In kuwa duk waɗannan sun yi maka nauyi, to ga mai sauƙi: ka sa a sauke allon nan kafin a sa shi a jirgi. Kun riƙe takardarsa, kun ci labarinsa, ku bar shi ya tafi da fuskarsa.

A ƙarshe, Yaya, na san duk hutu in ka je Gumel, kafin ka kwance jaka sai ka wuce maƙabarta wurin mahaifinka Alhaji, ka tsaya ƙarƙashin darbejiyar nan ka yi masa addu'a. Ka taɓa gaya mana cewa ko idonka a rufe za ka kai kanka wurin. Ka gode wa Allah, wannan ni'ima ce da ba kowa ya samu ba. Allah ya ji ƙan Alhaji, ya haskaka makwancinsa, ya sa ƙasar ta riƙe shi inda kuka ajiye shi har ranar busa ƙaho. Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya raya maka zuri'a, ya ba ka ikon gyara abin da ka ɓata tun azumin nan bai fita ba. In taka ta zo, Allah ya sa a binne ka sau ɗaya. In kuwa ya ƙaddara wani abu ya taso wa kabarinka, Allah ya ba ka ɗa irin Ziyad, ya kuma haɗa ɗan nan da shugaban da zai ce masa je ka, sannan ya tsaya a kan maganarsa.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Dakta Rakiya Yauri,
Ain Khaled, Doha.
Cikin watan azumin 2016.